ZAUREN 'YAN MATA: In Hunturu Ya Shiga Zuciya

Waɗanda suka aiko da wasiƙu a kan maganar lefe su yi mini haƙuri, na ajiye musu sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, domin kuwa wata wasiƙa ce ta iso mini daga Makera, wadda tun da na karanta ta hankalina ya ƙi barin kanta. Mai wasiƙar ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ga abin da ta ce, na ɗan rage tsawonsa:

"Anti, don girman Allah ki taimake ni. Ni 'yar aji shida ce a sakandare, shekarata 18. Shekara uku ke nan, da zarar sanyi ya shigo sai in ji kamar an canja ni. Ba na son tashi, ba na son wanka, ba na son magana da kowa, ko ƙawayena ne suka zo sai in sa a ce musu ina barci. Sai in yi ta kuka alhali ba wanda ya yi mini komai. Ga cin tsiya, burodi da shayi da duk wani abu mai zaƙi. Ummana ta ce lalaci ne da sangarta, Gwaggona ta ce a nemo mai ruƙiyya, shi kuma wanda ke nemana da aure ya yi fushi, wai wani na samu shi ya sa ba na fitowa zance. Wallahi Anti ban samu kowa ba. Da zafi ya fara shigowa sai in warware kamar ba a yi ba. Jarrabawar zangon farko ta bana darasi huɗu na faɗi, ga ta fita tana tafe. Anti, hauka nake shirin yi?"

A'a ƙanwata, ba hauka kike shirin yi ba. Share hawayenki ki gyara zama, yau labarin kaina zan ba ki, wanda ban taɓa bayarwa a wannan fili ba.

Ni haifaffiyar Kakuri ce, a nan aka yanke mini cibiya. Mu da muka tashi a wannan ɓangare na kudancin kogi ba mu san agogo ba, jiniyar masaƙa ce agogonmu. In ta yi kuka da sassafe, titi ya cika da kekunan ma'aikata, masu ƙosai da masu shayi sun kafa, gari ya ɗauka. Babanmu a ɗaya daga cikin masaƙun nan yake aiki. To daga farkon shekarun 2000 sai masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu Baba ma ta bi sahu, aka wayi gari yana zaune a ƙofar ɗaki da rediyo a kunne. A watan Nuwamban 2002 kuma aka sake yin rikici a Kaduna, bayan wanda aka yi a 2000, aka sa dokar hana fita, mutane suka ci gaba da kwashe kaya, wasu suna haurawa arewacin kogi wasu suna gangarowa kudu. Aminiyata, wadda muke zuwa makaranta tare tun firamare, iyayenta suka kwashe su zuwa ƙetaren gada. Ko sallama ba mu yi ba.

Kowa a gidanmu ya ɗauka waɗannan abubuwa ne suka kwantar da ni, ni ma haka na ɗauka. Ba shakka sun ƙara wa wutar itace. Amma gaskiyar magana ita ce tun hunturun bara waccan na fara, lokacin Baba yana aikinsa, aminiyata tana nan. Abin da mai wasiƙa ta lissafa kaf na yi shi. In lulluɓa da bargo tun bayan Asuba har rana ta take, in tashi jikina kamar an yi mini duka. Littafi in buɗe shi in yi ta kallon shafi ɗaya. Umma ta yi faɗa har ta gaji, ta yi lallashi har ta gaji, ta koma hayaƙi da rubutu. Ni kuwa abin da ya fi ci mini rai shi ne in an tambaye ni me ke damuna ba ni da amsa.

Akwai wata maƙwabciyarmu, dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, mutuniyar kudancin jihar nan ce, duk layinmu Mama muke ce mata. Rikici bai tashe ta ba, ta ce inda ta binne mijinta nan za a binne ta. Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki ta shigo gidanmu aron turmi, ta hango ni a ƙudundune a ƙuryar ɗaki, ga kaskon gawayi a gefena, taga a rufe ruf. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ba ta ce mini komai ba, sai ta juya wajen Umma ta ce, "Maƙwabciya, ki ara mini yarinyar nan mana. Gwiwata ta matsa mini, ina son mai riƙe mini jaka da safe in zan fita." Umma da ke neman kai da ni ta ce, "Ga ta nan Mama, in kin iya tashinta."

Sai daga baya na gane gwiwar Mama ƙalau take, ta ma fi ni sauri.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ta ƙwanƙwasa. Na fito ina ƙunƙuni, ta miƙo mini jakar da babu komai a ciki sai carbinta da ɗan hankici. Muka taka har bakin titi muka dawo, bai fi minti 15 ba. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce in dubi waɗanda suka fi ni shiga uku ba, ba ta ce in gode wa Allah da ina da ƙafa da hannu ba, irin maganganun nan da in an yi wa mai ƙunci sai ya ƙara jin shi mai laifi ne. Tambaya ɗaya ta yi mini a hanya: "'Yata, bara war haka ya kike?" Na yi shiru ina tunani, na ce, "Haka nake Mama." Ta ce, "Da damina fa?" Na ce, "Lafiyata ƙalau." Ta gyaɗa kai ta ce, "To ashe baƙo ne mai zuwa da lokacinsa. Baƙon da aka san ranar zuwansa kuwa ai ba ya ba da kunya."

Bari in ɗan tsaya a nan in gaya muku abin da na karanta daga baya, don kada ku ce Anti camfi take kawo muku. Likitoci sun san wannan abu, suna lissafa shi cikin ciwon damuwa, irin wanda ke bin yanayin shekara. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Norman Rosenthal, haifaffen Afirka ta Kudu, da ya koma Amurka da zama sai ya lura duk lokacin sanyi ƙarfinsa da walwalarsa suna raguwa, shi da abokan aikinsa suka bi diddigin abin, suka fitar da bayaninsa a 1984. Alamominsa su ne yawan barci, kasala, kwaɗayin abinci mai zaƙi da mai gari, gudun mutane, da baƙin cikin da ba a san mafarinsa ba, kuma ya zo a lokaci guda shekara da shekara ya tafi a lokaci guda. Ya fi kama mata a kan maza, ya fi kuma farawa a shekarun ƙuruciya. Dalilin da aka fi dangantawa da shi shi ne ƙarancin haske. A jikin kowa akwai wani tsari mai kama da agogo, hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita shi, ya gaya wa ƙwaƙwalwa gari ya waye a daina fitar da sinadarin barci. In hasken ya yi ƙaranci ko ya makara, sai agogon ya rikice, barci da cin abinci da walwala duk su bi shi.

To amma fa in faɗi gaskiya, wannan ciwo ya fi ƙarfi a ƙasashen da ke can arewacin duniya. A Landan cikin Disamba wunin bai cika awa 8 ba. A garin Tromso na ƙasar Norwe kusan wata biyu ake yi rana ba ta leƙo ba sam. Su kam har fitila ta musamman ake sayar musu mai tsananin haske, mutum ya zauna gabanta kamar rabin awa kowace safiya. Mu nan Kaduna tsakanin wunin Disamba da na Yuni bambancin bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Saboda haka ba zan yi rantsuwa in ce abin da ke damun mai wasiƙa shi ne ainihin na Turawa ba, wannan aikin likita ne. Abin da na sani shi ne mu da hannunmu muke ƙirƙirar wa kanmu duhun Landan a cikin ɗaki. Iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga hamada, mafi yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, ta rufe sama har rana ta koma kamar farin faranti, wani lokaci jirgin sama ma ya kasa sauka. Mu kuma sai mu rufe taga, mu toshe kafa da tsumma, mu saki labule mai kauri, mu shige bargo. Ga mura, ga tari, ga leɓe a tsage, ga hutun makaranta ya raba ki da ƙawaye. 'Yan yanzu kuma ga waya a ƙarƙashin bargo har ƙarfe biyun dare, ana kallon bikin wance da lefen wance a TikTok, a wayi gari ido ya yi luhu-luhu. Alhali kuwa hasken waje, ko da a ranar da hazo ya fi kauri, ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa.

Mu koma wajen Mama. A rana ta uku ta saya mini ɗan littafin rubutu, ta ja layi uku a kowane shafi. Layin farko in rubuta ƙarfe nawa na tashi. Na biyu, na fita rana ko ban fita ba. Na uku, da wa na yi magana yau, ban da 'yan gidanmu. Shi ke nan, ba ta ce in rubuta abin da ke zuciyata ba. Duk ranar Asabar da la'asar in kai mata, mu zauna a barandarta tana ɓare gyaɗa, mu duba tare. Sai ta ce, "Wannan satin me kike ganin za ki iya ƙarawa?" Ba ita ke yanka mini ba, ni ke faɗa. In na ce zan karanta babi uku kullum sai ta yi dariya ta ce, "Kai 'yata, wa ya aike ki? Shafi biyu dai." In na cika shafi biyun sai ta yi ta murna kamar na ci kyautar mota.

Akwai satin da na watsar da komai. Kwana huɗu ta ƙwanƙwasa na ƙi fitowa, Asabar ta zo na ƙi zuwa don kunya. Sai ga ta da kanta, ta zauna a bakin katifata, ta buɗe littafin ta ga shafuka fayau. Na jira faɗa. Ta ce, "Ashe kayan da muka ɗauka sun yi nauyi. Gobe ba sai mun je titi ba, ki fito ƙofar gida kawai ki tsaya inda rana take, in ƙirga ɗari, ki koma." Wallahi 'yan ƙannena wannan magana ita ta ɗaga ni. Da ta yi mini faɗa a ranar, da na samu hujjar komawa cikin bargo har Maris.

Sannu a hankali tafiyar ta ƙara tsawo. Ranar Litinin mu shiga kasuwar Kakuri, ta sa ni in yi cinikin tumatir da bakina, ita tana gefe kamar ba ruwanta, don dai in buɗe baki in yi magana da mutane. Wata rana muka taka har tashar jirgin ƙasa. Ita ce kuma ta sa na rubuta wa aminiyata wasiƙa, ta ba wani direban bas da ke haura gada ya kai, amsa ta dawo cikin kwana uku, na karanta ta ya fi sau ashirin.

Abu biyu ta yi waɗanda ba na so ku manta. Na farko, ta fitar da kaskon gawayin nan daga ɗakina, ta kuma yi wa Umma bayani. Gawayi in yana ci a ɗakin da ba iska yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, kaɗan daga cikinta ciwon kai ne da jiri da mutuwar jiki, mai yawa kuwa sai dai a wayi gari a tarar da mutum ya cika. Kusan duk hunturu sai an ji irin wannan labari. Na biyu, ta kai ni aka auna jinina, aka ga ya yi ƙasa, aka ba ni maganin ƙarin jini. Ta ce ƙarancin jini yana da yawa ga 'yan mata saboda al'ada, kuma kasalarsa tana kama da ta damuwa, haka ma ciwon wani ƙulli da ke maƙogwaro. Kun ga da an tsaya ga hayaƙi kaɗai da ba a gano ba. Ban ce a bar addu'a ba, ni ma ban bari ba, Mama ma kullum sai ta ce in riƙe sallata a kan lokaci don ita ma tana tsara wuni. A haɗa biyun ne.

Yanzu a ƙasashen Turawa, har ma da manyan garuruwanmu, irin wannan aiki na Mama ya zama sana'a. Koci suke ce wa mai yin sa, sunan mai horar da 'yan ƙwallo, ana biyansa kuɗi ya riƙa zama da mutum duk sati, su yanka ɗan abin da za a yi, ya bibiya. Ba laifi ba ne ga mai hali. Sai dai ku sani koci ba likita ba ne, ba ya gano ciwo ba ya rubuta magani, kuma a intanet kowa ma yana iya laƙaba wa kansa sunan. Mu kam Allah Ya hutar da mu, tun kaka da kakanni muna da uwar ɗaki, muna da gwaggo da inna da malamar Islamiyya da yayar ƙawa. Abin da ya rage shi ne a iya zaɓe.

Ƙanwata ta Makera, ki nemi mace, wadda ta girme ki, wadda ke kusa da za ta iya ƙwanƙwasa miki ƙofa da ƙafarta, mai riƙe sirri, mai tambaya fiye da yadda take ba da umarni. In kin san bakinta ba ya shiru, ko da ta fi kowa kirki, ki bar ta. Kada ki ɗora wannan kaya a kan ƙawarki tsararki, ita ma nata ya ishe ta. Kada kuma ki ɗora shi a kan saurayi. Na san wasunku za su tura baki, amma ku saurara. Saurayi in kin yi shiru kansa yake tunani, ko an daina sonsa, ko an samu wani, kin ga ma naki ya fara. Wanda ke auna soyayyarki da fara'arki ba zai iya zama ya ƙirga miki ɗari a rana ba tare da ya sa rai ki yi masa murmushi ba. Shi dai a yi masa bayani. Ki sa yayarki ko ita wadda kika zaɓa ta gaya masa cewa ba ki da lafiya ne kuma ana kula da ke, ya rage zance zuwa sau ɗaya a sati, da la'asar kafin sanyi ya sauko. Yadda ya karɓi wannan magana zai nuna miki irin mijin da zai zama, kyauta ba ki biya ko sisi ba. Balle kuma wani namiji a waya da zai ce ki riƙa gaya masa damuwarki cikin dare shi zai warkar da ke, wannan ki toshe shi tun kafin ya gama sallama.

Umma kuma kada ki riƙe ta a zuciya don ta ce lalaci ne, abin da ido ya nuna mata ta faɗa. Ki karanta mata wannan shafi, ko ki ajiye shi inda za ta gani.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi. Duk wadda ta ce miki ga wani sirof ko 'yar ƙwaya da za ki sha ki manta da damuwa, ba masoyiyarki ba ce. Maganin tari mai kodin ya lalata 'yan mata da matan aure da yawa a arewacin nan kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, da yawansu kuwa daga irin wannan ƙunci suka fara. Kuma in abin ya kai sati biyu kullum ba sauƙi, ko kin daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace miki, ko kuma zuciyarki ta fara raya miki cewa gara mutuwa, to an wuce wurin littafi da tafiyar safe. A ranar, ba gobe ba, ki gaya wa babba a kai ki asibiti. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan a Barnawa, kusa da ke. Na san abin da ake cewa, wai duk wadda aka gani a ƙofarsa ta rasa mijin aure. Mama da kanta ta gaya mini tun a satin farko, ido cikin ido, cewa in na taɓa jin irin wannan tunani in gaya mata, ita za ta riƙe hannuna mu je, kuma da yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida ko wurin aiki a ranar. Allah bai sa na kai ga haka ba, amma sanin cewa akwai wadda zan gaya wa ba tare da ta yi salati ta tara mini jama'a ba, shi kansa ya rage mini tsoro.

Jarrabawata ta fita na rubuta ta a 2003. Ban yi abin a zo a gani ba, lissafi ma sai da na sake, amma na rubuta. Baƙon nawa kuwa bai daina zuwa ba, kada in yi muku ƙarya, har yau wasu shekarun yakan leƙo. Bambancin shi ne yanzu tun ƙarshen Oktoba, da na ga ganye ya fara bushewa leɓena ya fara ja, nake sayen sabon littafi in ja layi uku, in cire labule mai kauri in sa marar nauyi, in gaya wa maigida da wata aminiyata cewa lokaci ya yi, su sa mini ido.

Mama ta rasu shekarun baya, 'ya'yanta suka ba ni jakar nan, tana rataye a bayan ƙofata. A hunturun bana akwai wata 'yar maƙwabtanmu da ke riƙe mini ita da safe, na gaya wa uwarta gwiwata ce ta matsa mini.

Ƙanwata, ki sake rubuto mini bayan sati huɗu, ki gaya mini wa kika zaɓa da abin da ke layi na uku. Masu maganar lefe kuma mu haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, Anti.